Gwiwar Inna a Tudun Pilat: Yinin da Muka Ɗauki Jagora Mu Kaɗai

Mu shida ne a tafiyar: Inna, da Yaya, da matarsa wadda nake kira Anti, da 'ya'yansu biyu, namiji ɗan shekara 9 da mace 'yar shekara 5, sai ni auta. Yaya ya daɗe yana aiki a birnin Bordo, wanda Faransawa ke rubutawa Bordeaux, a kudu maso yammacin Faransa. Inna ta je ganin jikokinta a ƙarshen watan Yuli, ni kuma na yi mata rakiya. Ana saura mako guda mu juyo, Yaya ya ce ba zai yiwu Inna ta bar ƙasar ba tare da ta ga teku ba, alhali tsakaninmu da shi tafiyar awa guda ce. Tunda ni ce ba ni da wurin aikin zuwa, shirin ya faɗo a kaina.

Mun ɗauki jagora da motarsa na yini guda, mu kaɗai, zuwa garin Arcachon da ke bakin ruwa da kuma tudun yashin Pilat. Wurare biyar aka rubuta mana a takarda. Huɗu muka gani, ɗaya daga ciki ma ta tagar mota, kuma mun biya kuɗin biyar ɗin cif. Har yau ni da Yaya ba mu daidaita ba a kan ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Zan zayyana yadda abin ya gudana daki-daki, domin kuskuren da ya juya mana yinin an yi shi ne kwana huɗu kafin mu fita, ina zaune a falo da waya a hannuna.

Hanyoyi uku da muka auna

Hanya mafi sauƙin kuɗi ita ce jirgin ƙasa. Daga tashar Saint-Jean ta Bordo zuwa Arcachon bai cika awa guda ba, kuma jiragen suna tashi a kai a kai. Sai dai tudun ba a cikin garin yake ba. Yana yankin garin La Teste-de-Buch, kimanin kilomita 10 kudu da Arcachon, don haka in ka sauka daga jirgi sai ka nemi bas, ka jira, ka tsaya a layi da sauran masu yawon buɗe ido, sannan ka maimaita haka a dawowa. Ga matashi mai jaka ɗaya a baya wannan ba komai ba ne. Mu da tsohuwa da yara biyu da jakar ruwa da kayan canji, na ga yinin zai ƙare a jiran mota.

Hanya ta biyu ita ce shiga ayarin da kamfanoni ke haɗawa, inda za a cusa ku a mota ɗaya da baƙin da ba ku sani ba, agogo kuma na kamfani ne. In an ce minti arba'in a tudu, to minti arba'in ne, ko ka kai sama ko ba ka kai ba. Ta uku ita ce wadda muka ɗauka: mota mai kujeru takwas, da direba wanda shi ne jagoran, awa tara, daga ƙofar gida zuwa ƙofar gida. Kuɗin ɗaruruwan Yuro ne, ba ƙaramin abu ba. Amma kuɗin mota ake biya gaba ɗayanta, don haka da muka raba shi gida shida sai tazarar da ke tsakaninsa da kuɗin ayari ta ragu ƙwarai. Ga mutum biyu da ba zan ba da shawarar haka ba.

Yaya yana da mota, kuma ya so ya ja mu da kansa. Anti ce ta hana. Ta ce duk ranar da ya yi tuƙi a cunkoson bazara, ba ya ganin komai sai bayan motar da ke gabansa, kuma motar ba za ta ɗauki mutum shida ba ma.

Fom ɗin da na cike

Kamfanin ƙarami ne, ba zan ambaci sunansa ba. Sun aiko da tsarin yini kamar haka: ɗauka da ƙarfe 8:30, tudun Pilat da hantsi, tashar masu kiwon kawa (wani naman ruwa mai ɓawo) a garin Gujan-Mestras kafin azahar, abincin rana a Arcachon, zagayen tsohuwar Unguwar Hunturu ta garin da ƙafa, sannan jirgin ruwa na ƙarfe 3:00 zuwa Cap Ferret, da ke tsallaken ruwa, da dawowa, a iso gida 5:30. Tikitin jirgin ruwa da ɗanɗanon kawa suna cikin kuɗin. Abincin rana ba ya ciki. Duk awar da aka ƙara bayan tara ɗin, da kuɗinta daban. Sun kuma ba mu shawara mu guji Asabar, domin a watannin Yuli da Agusta ita ce ranar da masu hutu ke sauya gidajen haya, babbar hanyar A63 da reshenta A660 su cushe. Muka ɗauki Talata.

Tare da tsarin akwai fom mai tambayoyi kaɗan. Shekarun yara: na rubuta, kuma ya yi amfani, domin dokar Faransa ta wajabta wa yaron da bai kai shekara 10 ba zama a kujerar da ta dace da shi a mota, jagoran kuwa ya zo da guda biyu a ɗaure. Abin da ba a ci ko ba a sha: na rubuta cewa ba giya, ba naman alade. Wannan ma ya yi amfani, don a yankin Bordo kusan duk wani ɗanɗano da za a shirya wa baƙo da kofin giya yake zuwa. Sai tambaya ta ƙarshe, ko akwai wanda tafiya ko hawa ke yi wa wuya.

Inna ta kusa shekara 70, kuma gwiwarta ta dama ta fi shekara biyar tana damunta. A fili tana tafiya daidai, in dai a hankali ne. Hawa da sauka ne matsalar. Na ɗaga kai na tambaye ta, "Inna, sun ce ko akwai mai ciwon ƙafa a cikinmu. In rubuta gwiwarki?"

Ta ce, "Ke Auta, wace gwiwa? Kada ki je ki sa mutane su ɗauke ni majinyaciya. Lafiyata ƙalau."

Na bar gurbin fayau. Na san gwiwar, ni nake shafa mata magani da dare. Amma na ji nauyin in rubuta wa baƙo abin da uwata ta ce kada in rubuta, kuma a raina na ce ai mota tamu ce, duk abin da ya taso a gyara a can. Hotunan tudun da na gani a intanet duk daga sama aka ɗauke su, mutane na murmushi, babu wanda ya nuna hanyar da suka bi suka kai wurin.

Safiya

Jagoran ya iso kafin lokaci, dattijo ne mai furfura jefi-jefi, yana jin Faransanci da Ingilishi. Ya buɗe ƙofar gefe. Matakin motar yana da ɗan tsawo, Inna ta ɗaga ƙafar dama, ta mayar, ta sauya ta hagu, ta kama hannun Yaya, sannan ta shiga. Duka bai wuce daƙiƙa goma ba, amma mutumin ya gani. Bai ce komai a gabanta ba. Da ya zagaya bayan mota don sa jakunkuna, sai ya yafito Yaya ya tambaye shi a hankali ko Madam tana iya hawa matakala, kuma guda nawa. Yaya ya kalle ni, na sunkuyar da kai.

Nan take ya faɗa mana abin da ya kamata in sani tun farko. Daga wurin ajiye motoci zuwa gindin tudun akwai tafiyar wasu ɗaruruwan mita, ƙarshenta cikin yashi mai nutsa ƙafa. Daga nan sai matakala mai hawa kimanin 160, wadda ake kafawa daga wajajen Afrilu zuwa farkon Nuwamba a cire ta da hunturu. Ba lif, ba motar da ke hawa. Hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Cap Ferret, wadda ke cikin shirin yamma, hawa 258 ce. Unguwar Hunturu kuma a kan tudu take. Ashe yinin da na tsara wa tsohuwa mai ciwon gwiwa hawa ne tun daga farkonsa har ƙarshensa.

Ya ce a ba shi dama ya ɗan sauya hanya. Maimakon babbar ƙofar shiga, ya fara kai mu unguwar Pyla-sur-Mer, wani wuri da ake kira La Corniche a ƙarshen tudun ta arewa. Mota tana isa dab da wurin, taku kaɗan ne zuwa inda ake tsayawa. Daga can ana ganin tudun ta gefe, yana gangarawa cikin ruwa, ga teku shimfiɗe a gaba. Niyyarsa ita ce Inna ta ga abin da aka zo gani ba tare da ta hau komai ba, in ya so ta huta a inuwa mu mu hau. Da ɗan gari akan ci gari: ni da na yi kwana biyu ina bincike a waya ban ci karo da wannan wurin ba.

Inna ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ikon Allah. To na gani, ya ishe ni."

A kan tudun

Wannan shi ne tudun yashi mafi tsayi a nahiyar Turai. Tsayinsa ya ɗan haura mita 100, kuma adadin yana sauyawa daga shekara zuwa shekara domin iska ba ta barinsa yadda ta same shi. Tsawonsa ya kusa kilomita 3, faɗinsa ya wuce rabin kilomita. Ta ɓangaren teku gangarensa mai sauƙi ne, amma ta ɓangaren daji, inda baƙi ke hawa, a tsaye yake kamar bango. Dalilin shi ne iskar yamma da ke tasowa daga Tekun Atlantika tana turo yashin sama a hankali, in ya kai ƙololuwa sai ya zubo ta baya. Haka tudun ke tafiya cikin daji, mita 1 zuwa 5 a shekara. A gindinsa mun ga itatuwan fain, masu ganye kamar allura, yashi ya cinye su zuwa ƙugu, wasu sai kawunansu da suka bushe.

Mun isa gindin matakala wajen ƙarfe 10:40. Shirin shi ne Anti ta zauna da Inna a inuwa. Sai ga wata tsohuwar Baturiya da sanda a hannu tana saukowa, tana haki tana dariya. Inna ta bi ta da ido har ta wuce. Jikanta namiji, wanda take kira maigidanta, ya ja mata mayafi ya ce, "Kaka, ke ba za ki iya ba ko?"

Ta ce, "Maigida, ni kake faɗa wa haka? Auta, riƙe min jakar nan."

Yaya ya ce, "Inna, don Allah ki yi haƙuri ki zauna. Gwiwar nan fa."

Ta ce, "Na zo tun daga inda na zo, sai a gindinsa zan tsaya?"

A nan ne na ga aikin da muka biya. Jagoran bai hana ta ba, bai kuma zuga ta ba. Ya ce in gaya mata abu uku: hawa ya fi sauka sauƙi ga gwiwa, don haka ta yi lissafin dawowa tun yanzu; rana tana ƙara zafi, nan da awa guda yashin zai ƙona tafin ƙafa; in ta ce ta fasa a tsakiya, babu abin kunya, za a sauko tare. Na fassara. Ta ce ta ji. Sai ya tsara mu: Yaya a gefenta na dama, ni a gaba da ruwa, shi a bayanta taku ɗaya, Anti ta wuce da yara. Ya ce ta riƙa fara ɗora ƙafar da ke da lafiya, mai ciwon ta biyo, kuma duk hawa ashirin a tsaya ko ba ta gaji ba. Matakalar ba ta da faɗi, mutane na son wucewa, shi ne ke juyawa yana ba su haƙuri da Faransanci yana nuna musu su raɓa ta gefe.

Abin da matasa ke yi a minti biyar ya ɗauke mu fiye da rabin awa. Sau biyu na ga fuskar Inna ta sauya na ce a raina shi ke nan. A tsayawa ta shida ta ce in daina kallonta haka.

Ƙarshen matakalar ba shi ne ƙololuwar tudun ba, amma daga nan ana ganin komai. Muka shimfiɗa mata mayafi ta zauna. Jagoran ya durƙusa kusa da ita yana nunawa da hannu, ni ina mayarwa da Hausa. Farin yashin da ke kwance a tsakiyar ruwa shi ne Banc d'Arguin, wurin da aka keɓe wa tsuntsayen teku tun 1972, kuma siffarsa tana sauyawa da kowace guguwa. Sunansa ɗaya da wani gaɓar teku a Muritaniya. Dogon harshen ƙasa da ke can tsallake shi ne Cap Ferret. Tsakaninsu ne ruwan teku ke kutsawa ya cika mashigin Arcachon sau biyu a yini, ya kuma fice. Can kudu masu shawagi da lema suna yawo a iska kamar shirwa.

Da muka juya baya sai daji, iya ganin ido. Mafi yawan dajin wannan yanki, wanda ake kira Landes, shuka shi aka yi: injiniya Nicolas Brémontier ya fara dasa fain don tsayar da yashin gaɓar teku a ƙarshen ƙarni na 18, sannan dokar 1857 ta tilasta wa garuruwan yankin su busar da fadamunsu su dasa itatuwa. Amma wanda ke bayan Pilat tsohon daji ne, mutanen wurin suna da haƙƙin ɗibar itace a cikinsa tun 1468. Shi ne wuta ta kama ranar 12 ga Yulin 2022, ta ci kimanin hekta 7,000, ta ƙone sansanonin masu hutu guda biyar da ke jikin tudun. Daga sama tabon a bayyane yake, fili mai faɗi inda da itatuwa ne, sabon tsiro yana fitowa. Jagoran ya yi shiru a wannan gaɓar fiye da yadda ya saba. Inna ta ce in tambaye shi ko gidansa na wajen. Ya ce a'a, amma a dajin ya yi wasa yana yaro. Ta ce in yi masa jaje, in ce Allah ya mayar da alheri.

Saukowa ta fi wuya, kamar yadda ya faɗa. Yara sun gangara ta cikin yashi da gudu suna ihu, ƙaramar ta tuɓe takalmi duk da an hana ta, ta iso ƙasa tana kuka tafin ƙafa ya yi ja. Inna ta bi matakala, wannan karon ƙafa mai ciwo ce ke fara sauka, Yaya a gabanta tana dafe da kafaɗarsa. Ƙarfe 12:30 muka koma mota. A takarda, 11:15 ya kamata mu bar wurin.

Abin da jinkirin ya jawo

Tun muna sama jagoran ya yi waya sau biyu. Ɗaya ga mai bukkar kawa, ɗaya ga gidan abinci, domin a Faransa gidajen abinci da yawa suna rufe kicin da misalin ƙarfe 2:00 ko 2:30 na rana, wanda ya makara sai ya jira dare. Ya samu aka ɗaga mana zuwa ƙarshen lokacin.

Gujan-Mestras gari ne mai tashoshin kawa bakwai. Kawa naman ruwa ne mai ɓawo biyu, ana kiwonsa shekaru a cikin mashigin kafin ya isa ci, kuma ɗanye ake cinsa da lemon tsami. Mun isa tashar Larros ruwa ya janye, kwale-kwale kwance a kan laka. Mashigin yakan kai murabba'in kilomita 155 in ruwa ya ciko, ya koma kimanin 40 in ya janye, lokacin kuma yana matsawa da kusan minti 50 kowace rana. Da mun zo a kan lokacin da aka tsara da mun tarar da sauran ruwa. An kawo mana kawa da jatan lande da burodi da man shanu, aka cire niƙaƙƙen naman da ake haɗawa da shi saboda galibi na alade ne, a madadin giya kuma aka ajiye ruwan Abatilles, wanda ake ɗiba a Arcachon daga rijiyar da aka haƙa a 1923 ana neman man fetur. Yaya kaɗai ya ci kawar. Inna ta leƙa farantin ta kawar da kai, yara suka bi sahunta. Minti arba'in suka tafi a nan.

Muna gama abincin rana a Arcachon ƙarfe 3:00 ta gota. Jirgin da aka yanka mana tikitinsa ya tashi daga gadar Thiers, inda jiragen ruwa ke ɗaukar mutane. Akwai wani a baya, tsallakawar kuma kimanin rabin awa ce, amma zuwa da dawowa da ɗan zagaye zai kai mu awa biyu bayan lokacin da muka yi yarjejeniya. Jagoran ya ajiye mana zaɓin a fili: a ƙara awa biyu a biya, ko a bar Cap Ferret. Yaya ya so a ƙara. Na leƙa ƙarƙashin tebur na ga Inna ta miƙe ƙafar dama tana murza gwiwa a ɓoye. Na ce a bari.

Unguwar Hunturu a mota muka zaga ta. Arcachon gari ne sabo in an kwatanta da maƙwabtansa: a 1857 Sarki Napoleon na Uku ya yanke shi daga La Teste ya zama gari mai zaman kansa, shekarar da layin dogo ya iso. 'Yan'uwa biyu masu kuɗi, Émile da Isaac Pereire, su suka gina unguwar a shekarun 1860 don attajiran da ke fama da tarin fuka, bisa imanin likitocin lokacin cewa iskar teku da ƙamshin ƙaron fain magani ne. Shi ya sa titunanta duk a lanƙwashe suke, don kada iska mai sanyi ta sami miƙaƙƙiyar hanya. Ya tsaya kusa da hasumiyar ƙarfe ta Sainte-Cécile, wadda aka gina a 1863 da hannun Gustave Eiffel a ciki tun yana matashin injiniya, yaron ya hau da babansa, mu muka jira. Ragowar lokacin aka ba yara su yi wasa a bakin ruwa. Ƙarfe 5:40 muna ƙofar gida, bai caje mu minti goman ba.

Inda muka saɓa da Yaya

Hujjar Yaya ita ce an sayar mana da yinin da ba zai yiwu ba tun asali. Wurare biyar, da jirgin ruwa mai ƙayyadadden lokaci a tsakiya, a watan da ya fi kowane cunkoso, da yara biyu a mota: ko da ba Inna, in ji shi, jinkirin rabin awa a ko'ina zai rusa shi. Kuma kamfanin da ya ga an rubuta ba giya ba alade, ya ga shekarun yara, ya kamata ya ɗaga waya ya tambaya ko mutanen nan suna cin ɗanyen naman ruwa, ya kuma tambayi shekarun manya. Fom ba ya maye gurbin magana. A kan wannan na ba shi gaskiya. Tsayawar Larros don kowa ake yinta, ba don mu aka tsara ta ba, alhali abin da ya raba ɗaukar jagora na kanka da shiga ayari ke nan. Da an cire ta, da mun kama jirgin.

Inda ban bi shi ba shi ne cewa kuɗin ya tafi a banza. Abin da na gani da idona shi ne mutum ya karanta halin da muke ciki daga yadda tsohuwa ta shiga mota, ya sauya hanya kafin mu bar unguwa, ya kare mata mutuncinta bai sa ta ji ta zama kaya ba, ya tsaya a bayanta hawa 160. A cikin ayari, da an ba mu minti arba'in, da Inna ta zauna a gindin tudu tana kallon ƙafafun mutane. Da mu kaɗai ne a jirgin ƙasa, da ko dai mun hana ta da faɗa, ko mun bar ta ta hau ba wanda ya san yadda ake sauko da mai ciwon gwiwa.

Nawa laifin kuma ba na rage shi. Na tambayi jagoran a hanyar dawowa me zai yi da na cike gurbin nan. Ya ce da ya ɗauke mu 7:30, mu hau tudun da sanyin safiya kafin jama'a, ya ware masa awa biyu cur, ya cire hasumiyar Cap Ferret, ya bar jirgin ruwan a matsayin hutu ga Madam tunda a zaune ake yinsa, kuma da bai yanki tikiti ba sai ya ga yadda safiyar ta kaya. Duk wannan layi ɗaya ya rage in rubuta. Ba sai na kira ta majinyaciya ba. Da na ce akwai dattijuwa mai tafiya a hankali wadda matakala ke ba wuya, da na faɗi gaskiya ban kuma saɓa mata ba. Na bari kunyar minti ɗaya ta yanke wa mutum shida hukunci.

Yaya ya rubuta wa kamfanin yana neman a mayar da kuɗin tikitin jirgi. Sun amsa da ladabi cewa an riga an saya, kuma jinkirin ba daga gare su ba ne, suka haɗo da hoton fom ɗin da gurbinsa a buɗe. Ba su mayar ba. Sun dai ce sun karɓi maganarsa game da kawa, za su riƙa tambaya.

Gwiwar Inna ta kumbura kwana biyu, muka yi ta gasa mata, ranar ta uku ta saɓe. A watan Satumba, bayan mun dawo, Yaya ya kai Anti da yara Cap Ferret da kansu, jirgin ƙasa sannan jirgin ruwa, ya turo hoton tudun daga tsallake, fari tas a kan baƙin daji. Inna ta sa na buɗa mata hoton da yatsu har ya dushe, tana neman daidai inda matakalar ta ƙare. Na ce mata ta ɗaya gefen take, ba a ganinta daga ruwa.